Rauta mai ramuka: abin da jikin Cisco 4331 yake nuna maka da abin da yake ɓoyewa

Akwai tambayar da yaran da suka gama CCNA, wato kwas ɗin Cisco na haɗa netwok, suke yawan yi min idan suka fito aiki suka ga rautar ofis, na'urar da ke haɗa netwok ɗin ofis da na waje, ido da ido, wai ya za a yi a ce wannan ƙarfen mai ƙofa uku kacal ya fi 'yar rautar gida tsada nesa ba kusa ba, alhali ta gidan ƙofa huɗu gare ta har da wayalas a kai. Tambayar ba ta wauta ba ce, don in ƙofofi kake ƙirgawa to lallai kamar an cuce ka. Amma ita irin wannan rautar ba ƙofofi aka sayar maka ba, fili aka sayar maka, kamar mutum ya sayi gida an yi katanga an yi zaure an ja wuta da ruwa, sai aka bar ɗakuna biyu uku babu komai a ciki, kai za ka zuba abin da ya dace da kai. Shi ya sa nake ce mata rauta mai ramuka. Bari mu ɗauki guda ɗaya mu juya ta gaba da baya, Cisco ISR 4331, don za ka iya cin karo da ita a rassan banki da ofisoshi matsakaita.

Dangin nata dai ISR 4000 ake ce musu, babbar yayarsu 4451 ta fito a 2013, su 4321 da 4331 da 4351 da 4431 suka biyo a 2014, kuma sun zo ne su gaji su 2901 da 2911 na zamanin 2009 waɗanda har yau suna nan suna nishi a rak, wato kantar ƙarfen da ake jera na'urori, na mutane da yawa. Ita 4331 siririya ce, 1U, wato kaurinta inci 1.75 ko ka ce milimita 44 da 'yan kai, faɗin rak kuwa inci 19 ne kamar kullum. Fuska biyu gare ta kuma duka biyun za ka yi hulɗa da su, wannan ma shi ne farkon abin da ke ba mutane haushi wajen ɗaurawa. A gefen murfi akwai fitilu, da wajen soka wayar wuta, da konsol, da AUX, da USB, da ƙofar kula da na'ura. A ɗaya gefen kuma can ne ƙofofin aiki da ramukan kati suke. To ka ga dole kebul ya fito ta nan ya fito ta can, in rak ɗinka manne yake da bango babu ƙofar baya za ka sha leƙe da tocilan waya.

Mu fara da ƙofofin da aka haife ta da su, abin da masu aikin ke cewa fot. In ka duba za ka ga ramuka huɗu, biyu na kebul ɗin jan ƙarfe irin RJ45 biyu na SFP, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa a rami a soka masa faiba, sai ka ce to ƙofa huɗu ke nan, a'a uku ne. Ta farkon, GigabitEthernet0/0/0, tagwaye ce, baki biyu amma maƙogwaro ɗaya, ko dai ka soka kebul ko ka soka SFP na faiba, ba za su yi aiki tare ba, kuma kana iya tilasta mata wanda kake so da umarnin media-type. Ta biyu 0/0/1 kebul kawai take karɓa, ta uku 0/0/2 kuma SFP kawai. Ma'ana in layuka uku za a kawo maka duk na kebul ne, sai ka nemo SFP mai bakin RJ45 irin GLC-TE kafin ta ukun ta yi maka amfani, kuma wallahi wannan ɗan ƙaramin abin ya sha tsayar da aiki na kwana guda don babu wanda ya tuna da shi lokacin da ake rubuta jerin kayan da za a saya.

Shi SFP ɗin ma ba ɗaya ba ne. Ramin dai ɗaya ne amma abin da ka cusa masa shi ke faɗin irin faibar da nisan da za ta je. GLC-SX-MMD na faibar cikin gini ce, haskenta nanomita 850, ƙarshenta mita 550. GLC-LH-SMD nanomita 1310 ce tana kai kilomita 10 a kan siririyar faiba, sai ZX mai 1550 da ke zuwa wajen kilomita 70. Kebul ɗin jan ƙarfe kuwa mita 100 ne shi kenan, kar wani ya yaudare ka. Dole abin da ke bakinka ya zama irin na bakin can, in kamfanin intanet ya sa LH kai ka sa SX to fitila ba za ta kama ba ko za ku kwana kuna musanyar waya. Akwai kuma masu zare ɗaya, BX, su kuma sai an haɗa U da D, mace da namiji in ka ga dama ka ce, in ka sa iri ɗaya a bakin biyu babu magana.

Sai lambobin nan uku da ke bayan sunan ƙofa, waɗanda mutane da yawa haddace su kawai suke yi ba su san taswirar jikin na'urar ce ba. Ta farko babban rami ne, kuma sifili yana nufin madabod ɗin kansa, wato babban allon lantarkin da ke cikin na'urar. Ta biyu ƙaramin rami ne a cikin babban, sifili ƙofofin da aka haife ta da su, ɗaya ramin kati na farko, biyu ramin kati na biyu. Ta uku ita ce lambar ƙofa a jikin katin, ana farawa daga sifili. To in ka ga Serial0/1/0 ba sai ka tashi daga kujera ba, ka san katin siriyal ne a ƙaramin ramin kati na farko, wanda ake kira NIM, bakinsa na farko. In ka ga abin ya fara da ɗaya, kamar 1/0/0, to ka bar madabod ka koma babban ramin SM-X. Wanda ya saba da 2911 lamba biyu ya sani a ƙofofin jikinta, 0/0 da 0/1 da 0/2, shi ya sa in ya kwafo tsohon saiti ya liƙa a sabuwar sai rabin layukan su ƙi shiga, ya zauna yana mamakin me ya faru alhali sunan ƙofa ne kawai ya canza.

Akwai wata ƙofa kuma da ba ta da lamba uku, GigabitEthernet0 ziryan, ita ce ta kula da na'ura. Kar ka kuskura ka soka mata layin intanet ka ce ai ita ma gigabit ce. Tana zaune ne a cikin nata keɓaɓɓen teburin hanya mai suna Mgmt-intf, ba ta wuce da kayan mutane daga wannan gefe zuwa wancan, an yi ta ne don kai mai kula ka samu hanyar shiga ko da sauran sun rikice. Ko ping za ka yi ta cikinta, wato gwajin ko wata na'ura tana amsawa, sai ka ambaci sunan teburin nan. Konsol kuma shi ne ƙofar ƙarshe in komai ya mutu, shuɗin kebul ɗin nan mai faɗi, gudunsa 9600, ko ka yi amfani da ƙaramin bakin USB da ke gefensa, amma ɗaya ne ke aiki a lokaci guda. AUX na zamanin modem ne, ni dai ban tuna ranar ƙarshe da na ga an soka masa wani abu ba.

Yanzu ramukan, inda ainihin maganar take. 4331 tana da ramin NIM biyu, da babban ramin SM-X ɗaya, da wani ƙarami a ciki a kan madabod wanda sai ka buɗe murfi za ka gan shi, shi na katin sarrafa murya ne PVDM4. Katunan NIM suna da yawa, akwai na siriyal NIM-1T da 2T da 4T, akwai na E1, layin dijital na kamfanin waya, akwai FXS wanda kake soka wa wayar tebur ko faks, da FXO wanda ke karɓar layin waya daga waje, akwai na 4G mai cin sim da eriya biyu, akwai na DSL mai kawo intanet ta layin wayar tarho, akwai na suwic, abin da ke haɗa kwamfutocin cikin ofis, mai ƙofa huɗu ko takwas, har da wanda faifan ajiya ne kawai a jikinsa. Babban ramin kuma yana ɗaukar cikakken suwic, ko ma 'yar saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta UCS-E wadda za ka ɗora mata manhajojinka a cikin rautar, in kuma ba ka buƙatar ko ɗaya akwai adafta da ke mayar da shi ramin NIM na uku. Hikimar ke nan, reshen da ke cikin gari ya sa faiba, reshen da ke ƙauye ya sa katin 4G, wanda ke da tsohon layin waya ya sa E1, amma gangar jikin ɗaya ce, manhajar ɗaya ce IOS XE, mai gyaran ma abu ɗaya ya koya.

Sai dai fa kowane kati da nasa tarkon. Ka ɗauki na suwic, NIM-ES2-4. Da ka sa shi a ramin farko za ka ga sabbin ƙofofi, GigabitEthernet0/1/0 har zuwa 0/1/3, sunansu sak irin na ƙofofin jikinta, sai ranka ya ba ka ai na samu ƙarin ƙofa huɗu na rauta a araha. Ka je ka ba ɗaya adireshin IP ka gani, ba za ta karɓa ba, don ƙofofin suwic ne, sai dai ka sa su a VLAN, wato rukunin ƙofofin da aka ware a matsayin netwok ɗaya, sannan ka ba wa VLAN ɗin adireshi. Yana aiki, amma ba daidai yake da ƙofar rauta ta gaske ba, in ita kake so akwai katinta daban. Mai ƙofa takwas ɗin nan kuma da ke ba wa wayoyin ofis da kyamarori wuta ta cikin kebul, PoE, ba zai ba da ko ɗigon wuta ba in akwatin wutar da ke cikin rautar ƙaramin ne na yau da kullum, sai an saka babban. Mutum ya sayi kati da tsada ya soka waya ta ƙi kamawa ya ce kati jabu ne.

Na E1 shi ma haka. Mu nan E1 muke amfani da shi kamar Turai, mega 2.048 da aka raba gida 32 kowanne kilobit 64, a ciki 30 ne ke ɗaukar kira in layin waya ne, su kuma Amurka T1 ne nasu mai 1.544 da gida 24. Kati ɗaya ne ke yin duka biyun, don haka in ka sa shi ba za ka ga ƙofar ta bayyana ba sam sai ka fara gaya masa wanne ne kai da umarnin card type. In kuma kira za ka ɗora a kai to sai an ɗaura PVDM4 a jikin katin kansa, wanda ke kan madabod ba zai yi masa wannan aikin ba, wannan ya bambanta da tsoffin 2900 inda na madabod ke hidimar kowa. Tunda an ambaci tsoffin, katunansu na EHWIC ba sa shiga 4000, ko kusa, siffar ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya tara su a durowa yana jiran ranar canji sai dai ya yi haƙuri. Abu ɗaya da sabbin suka fi, kana iya cire NIM ka sa wani rautar tana kunne, ka dai fara tsayar da ramin da umarnin hw-module subslot, a da kuwa sai ka kashe na'urar gaba ɗaya ofis ya tsaya.

To duk wannan abin da ido ke gani ne. Wanda ba ya gani shi ne ya fi cizo, kuma a kansa na taɓa jin kunya. Wani ofis da nake duba wa kaya sun ƙara kuɗin intanet aka ɗaga musu layi zuwa mega 200, aka yi gwaji ya tsaya wajen casa'in da wani abu, aka sake haka, ni da bakina na ce matsalar daga masu ba da layin ce, muka yi kusan sati biyu muna kiran su suna zuwa suna auna faiba suna cewa lafiya lau take, mu muna cewa ƙarya ne. Ranar da wani a cikinsu ya cire kebul daga rauta ya soka a laftof ɗinsa kai tsaye ya nuna min 200 cif, ban san inda zan sa fuskata ba. Na buga show platform hardware throughput level, ga shi nan ɓaro-ɓaro, 100000. Rautar ba ta lalace ba, abin da aka saya ke nan, ni ne ban duba ba.

Abin da ke faruwa shi ne ƙofar gigabit ce, da gaske, fitila za ta nuna maka 1000, amma a cikin na'urar akwai wani mai tsaron ƙofa da ke ƙirga duk abin da furosesa ta wuce da shi, kuma 4331 daga masana'anta mega 100 aka yanka mata. Ka sayi lasin ƙarin gudu ta koma 300. Daga baya suka fito da wani lasin da ake ce wa Boost wanda ke cire takunkumin gaba ɗaya sai inda ƙarfin furosesa ya tsaya. Kuma lura, jimla ake ƙirgawa, ba kowace ƙofa da nata ba, ba kuma sauka daban hawa daban ba, in ana sauke 60 ana ɗora 40 to ta cika. Abin da ya fi ɓoyuwa ma, in VLAN biyu na cikin ofis ta rautar suke bi su gaisa, to ma'aikacin da ke kwafar babban fayil daga saba yana cin rabon intanet ɗin kowa ne ba tare da ya sani ba. Kwamfutoci biyu da ke VLAN ɗaya a katin suwic ɗaya su kam ba su shiga lissafi, don kayansu ba ya hawa wajen furosesa.

Haka dangin suke gaba ɗaya, 4321 daga 50 zuwa 100, 4351 daga 200 zuwa 400, 4431 daga 500 zuwa giga ɗaya, 4451 daga giga ɗaya zuwa biyu. Hujjar Cisco ita ce wannan adadin za ka same shi ko ka kunna NAT mai sauya adireshi da QoS mai fifita wasu kaya a kan wasu da tacewa da sauran tarkace, maimakon yadda ake yi a da, a rubuta babbar lamba a takarda kana kunna abu biyu ta faɗi ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, don injiniya yana son lambar da zai dogara da ita. Amma ni dai har yau abin yana min wani iri, ka sayi ƙarfe da kuɗinka yana iya gudu a ce sai ka sake biya kafin a kwance masa ƙafa. Kuma ba gudu kaɗai ba, VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, nasa lasin daban, murya nata daban, kati yana cikin rami fitila tana ci amma umarnin ba zai fito ba in babu lasin.

Dalilin da ya sa furosesa ce ke yanke hukunci shi ne waɗannan rautocin ba su da guntun ƙarfe na musamman da ke tura fakiti, wato ƙullin bayanai, irin na babban suwic, manhaja ce ke yi. An raba aikin gida biyu, ɓangaren tunani wanda ke riƙe da OSPF da BGP masu nemo hanya da shigarka daga nesa ta SSH, da ɓangaren dako wanda aikinsa kawai ɗauko fakiti ya miƙa. A 4400 kowanne da furosesarsa daban, a 4300 kuwa guda ɗaya ce aka raba musu ƙwayoyinta. Amfanin rabon shi ne ko layi ya cika maƙil kana iya shiga ka ga me ke faruwa, tsoffin rautoci in suka shaƙe ko harafi ka danna sai ka jira. Memorinta giga 4 ne daga farko ana iya kai shi 16, in dai ba cikakken teburin intanet za ka karɓa ba ko manhajoji za ka ɗora, na farkon yana isa.

Maganar wuta kuwa a nan ne zaman da muke ciki ya shigo. 4331 akwatin wuta ɗaya gare ta, in ya ƙone shi kenan reshe ya mutu, 4431 da 4451 ne ke ɗaukar biyu, ka sa ɗaya a UPS ɗaya a wani layin. Wanda bai san yadda ake canji tsakanin NEPA da janareta sau biyar a yini ba zai ga kamar almubazzaranci ne. Kuma IOS XE ba ta tashi da wuri, mintuna take ɗauka, ɗan ƙiftawar wuta na daƙiƙa biyu sai ya zama kowa ya zauna yana kallon silin. Sannan akwai ɗan wajen ɗaura wayar ƙasa a jikinta wanda kusan kowa ke tsallakewa, alhali in layinka daga rediyon da ke kan doguwar hasumiya ya sauko ta kebul ɗin jan ƙarfe, damina ɗaya ta isa tsawa ta biyo shi ta cinye maka ƙofa, kuma ƙofofin jikinta a madabod suke ba a canza su ɗaya ɗaya. Shi ya sa in da hali na fi son layin waje ya shigo ta faiba, gilashi ba ya ɗaukar wuta. Ramin da ba ka sa wa kati ba kuma ka bar masa murfinsa, ba ado ba ne, shi ke sa iskar fanka ta bi hanyar da aka tsara mata, in ka bar shi a buɗe ga zafi ga ƙurar hunturu ta samu ƙofa.

Cisco ta daina sayar da yawancin dangin nan a ƙarshen 2023, Catalyst 8200 da 8300 ne suka gaje su, kuma abin daɗi yawancin katunan NIM suna shiga sabbin. Wannan ya sa 4331 ta cika kasuwar gwanjo da araha, wanda zai saya sai ya buɗe ido. A farkon 2017 kamfanin da kansa ya sanar cewa wani ɓangaren agogo a cikin wasu na'urorinsa, har da 4321 da 4331 da 4351 na farko-farko, yana iya lalacewa bayan kamar wata 18 yana aiki, kuma in ya lalace na'urar ba za ta sake tashi ba, an canza wa masu kwangilar kulawa nasu amma ba duka ne suka koma ba, wasu suna nan suna yawo hannu zuwa hannu. Don haka kar ka karɓa a kwali, a kunna ta a gabanka ka soka konsol. Show inventory zai ba ka lambar siriyal da lambar sigar ƙarfen da za ka bincika da su, ya kuma nuna maka kowane kati da SFP da ke ciki, show platform ya nuna ko kowane rami yana cewa ok, show version ya nuna lasin da ke kai da kuma gudun da aka yanka mata. Ka kashe ta ka sake kunnawa ko sau biyu ne, ka saurari fanka, sannan ka ƙirga murafen ramuka da kunnuwan ɗaurawa a rak, don su ne ake fara cirewa a sayar daban.